Ruwan Sama Da Gwanintar Direba: Abin Da Finafinan 'Senna' Da 'Rush' Suka Faɗa, Da Wanda Suka Haɗiye

Mai karatu, ka san dai ruwan sama tsohon ɗan wasa ne a harkar fim. Indiyawa sun daɗe suna jiƙa jarumansu da shi a wajen waƙa, mu ma namu sun ara sun yafa, har aka yi ta cece-kuce a kai. To su ma Turawa suna da nasu amfanin da suke yi da shi. A finafinan tseren motoci, da zarar ka ga hadari ya haɗu, to darakta yana shirin nuna maka wane ne namijin duniya. Saƙon da ake so ka ɗauka shi ne: idan ƙasa a bushe take, mota ce ke cin tsere, idan ruwa ya sauko, motoci sun zama ɗaya, sai direba ya rage.

Wannan magana tana da daɗin ji, kuma akwai gaskiya a cikinta. Amma ba ita ce gaskiyar duka ba. A wannan watan zan ɗora finafinai biyu a kan sikeli, waɗanda ruwan sama ne ƙashin bayan muhimman fitowarsu. Na farko 'Senna' (2010), fim na tarihin rayuwa wanda Asif Kapadia ya ba da umarni, aka haɗa shi da tsofaffin hotunan gaske. Na biyu 'Rush' (2013) na darakta Ron Howard, wanda Peter Morgan ya rubuta, inda Chris Hemsworth ya fito a matsayin James Hunt, Daniel Brühl kuma a matsayin Niki Lauda. Duk biyun a kan gasar Fomula Wan suke, wato babbar gasar tseren motoci ta duniya. Abin mamaki, wanda aka ce na gaskiya ne ya fi ƙawata labarin ruwa, wanda aka shirya da 'yan wasa kuma ya fi kusantar yadda abin yake.

Me ruwa ke yi wa motar tsere?

Kafin mu shiga finafinan, bari mu ɗan leƙa kwalta, don wanda bai saba kallon wannan wasa ba.

Motar Fomula Wan a ranar da babu ruwa tana amfani da taya marar zane ko kaɗan, sumul kamar tayar da ta sude. Da gangan ake yin ta haka, domin roba mai yawa ta taɓa ƙasa. Idan ruwa ya sauko, wannan taya ta zama abokiyar gaba. Sai a sauya zuwa mai ɗan zane idan yayyafi ne, ko mai zane mai zurfi idan ruwan ya kece. Kamfanin Pirelli, mai samar da tayoyin gasar tun 2011, ya taɓa bayyana cewa taya ɗaya ta ruwa mai ƙarfi tana iya watsar da lita 85 a daƙiƙa guda idan mota na gudun kilomita 300 a awa. Ina wannan ruwan yake zuwa? Sama yake tashi, ya zama hazo a fuskar wanda ke baya. Ka ga ke nan wanda ke gaba shi kaɗai ke ganin hanya sarai, sauran duk lalube suke yi.

Abu na biyu, ƙarfin inji ba ya da amfani idan taya ba ta kama ƙasa ba. Ka taka totur da ƙarfi, tayar baya ta yi ta juyawa a banza, mota ta juya da kai. Nan ne gaskiyar maganar 'yan fim take: mai babban inji ba zai iya amfani da ƙarfinsa duka ba, don haka tazarar da ke tsakanin motar masu kuɗi da ta masu ƙaramin ƙarfi tana raguwa. Na uku, layin da motoci suka saba bi a kwana ya sha roba, yana yin santsi kamar sabulu idan ya jiƙe. Gwani shi ne wanda zai bar wannan layin ya nemo inda taya za ta kama, kuma wurin yana canjawa daga zagaye zuwa zagaye. Na huɗu, idan ruwa ya taru ya fi ƙarfin zanen taya, mota takan hau kansa ta yi iyo. A wannan lokacin sitiyari da birki duk ba su da aiki, ko kai wane ne.

Sai dai akwai abin da ruwa ba ya gogewa. Motar da aka ƙera ta yadda iska ke danne ta da ƙasa sosai, ta fi kama hanya a jiƙe kamar yadda ta fi a bushe. Motar da injinta ke ba da ƙarfi a hankali ta fi sauƙin sarrafawa. Sannan akwai mutanen gareji, waɗanda ke duba na'urar hasashen yanayi suna yanke shawarar lokacin da za a sauya taya. Riƙe waɗannan a zuciya, za mu buƙace su.

'Senna': ranar da aka ɗaga jar tuta a Monako

A matsayinsa na fim, 'Senna' gwanin kyau ne, wannan babu ja. Kapadia bai zaunar da kowa a gaban kyamara yana surutu ba. Muryoyi kawai kake ji a kan tsofaffin hotuna, har ka manta cewa ba shirya abin aka yi ba. Ba banza ba ya ci kyautar BAFTA guda biyu a 2012, ta fim ɗin gaskiya da ta tace hoto. Amma tace hoto wuƙa ce: abin da ta yanke ba ka ganin sa.

Ɗauki tseren Monako na ranar 3 ga Yuni, 1984, wanda da shi fim ɗin ya gabatar mana da jaruminsa. Ayrton Senna, ɗan Birazil, sabon shiga, yana tuƙa motar ƙaramin kamfani mai suna Toleman. Ya tashi a na 13. Ana tsuga ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ya dinga wuce manya ɗaya bayan ɗaya, har da Niki Lauda, ya dawo na biyu, yana cin tazarar da ke tsakaninsa da Alain Prost na Faransa mai tuƙa McLaren. Prost ya dinga ɗaga hannu a tsayar da tsere. Aka ɗaga jar tuta, aka ɗauki sakamakon zagaye na 31, alhali ko rabin tseren ba a yi ba. Prost na ɗaya, Senna na biyu. Ɗan kallo zai tashi da tabbacin cewa an yi wa yaro ƙwace. Duk wannan ya faru, ba ƙarya a ciki.

To amma ga abin da fim ɗin bai tsaya a kansa ba. A bayan su biyun akwai wani matashi Bajamushe, Stefan Bellof, a motar Tyrrell. Shi daga na ƙarshe ya tashi, na 20, kuma lokacin da aka tsayar da tseren yana na uku, yana matso su duka biyun, har da Senna ɗin. Motarsa ce kaɗai a filin da ba ta da injin tabo mai fizga, wato ta fi kowace rauni a bushe, amma a jiƙe wannan raunin ya zame mata alheri, domin ƙarfinta a hankali yake zuwa. Shin gwanintar Bellof ce, ko sauƙin injinsa? Duka biyun. Daga baya an soke sakamakon Tyrrell na shekarar baki ɗaya saboda karya doka, shi kuma Bellof ya rasu a wani tseren a Beljiyam a 1985. Amma a ranar Monako yana wurin, kuma saka shi a labarin zai ɓata hoton "mutum ɗaya tilo da ruwa ya zaɓa".

Haka kuma ita Toleman ɗin ba akwala ba ce kamar yadda ake so ka zata. Wanda ya zana ta, Rory Byrne, shi ne daga baya ya zana motocin da Michael Schumacher ya ci kambun duniya da su a Benetton da Ferrari. A wannan shekarar ta 1984, da wannan motar, Senna ya zo na uku a Ingila da kuma Fotugal, ba tare da taimakon ruwa ba.

Sannan ga wani abin ban dariya da ban tausayi. Da yake ba a kai kashi uku cikin huɗu na tseren ba, rabin maki aka raba. Prost ya samu 4.5 maimakon 9. Da an bari an ƙarasa, Senna ya wuce shi ya zo na biyu, da maki 6 zai samu. A ƙarshen shekara Lauda ya doke shi da rabin maki kacal, 72 da 71.5. Wato tutar da ake cewa an ɗaga don a taimaki Prost, ita ce ta raba shi da kambun duniya. Marubuci zai biya kuɗi ya samu irin wannan juyin labari, amma fim ɗin yana buƙatar Prost a matsayin bos, don haka bai yi amfani da shi ba.

Gwani gwani ne, amma...

Kada ka fahimce ni a baibai, mai karatu. Ba ina cewa Senna ba gwanin ruwa ba ne. Wallahi gwani ne na ƙarshe. A Estoril ta Fotugal, ranar 21 ga Afrilu, 1985, ya samu nasararsa ta farko a motar Lotus cikin ruwa mai tsanani. Ya zagaye kowa ya sake cim masa in ban da Michele Alboreto, shi ma ya bar shi da fiye da minti guda. A ranar, Prost a kan miƙaƙƙiyar hanya motarsa ta hau ruwa ta juya da shi. Ana kuma ba da labarin cewa tun yana yaro, lokacin da yake tseren ƙananan motoci, ya sha kashi a tserensa na farko cikin ruwa, daga nan duk ranar da hadari ya haɗu sai ya fita atisaye. Idan haka ne, abin da ake kira baiwa daga sama, akwai gumi a cikinsa.

Tseren da masoya Senna suka fi kafa hujja da shi kuwa shi ne na Donington a Ingila, 11 ga Afrilu, 1993, wanda ma bai samu shiga fim ɗin ba, abin da ya ba mutane da yawa haushi. Ya tashi a na huɗu, ya koma na biyar, amma kafin a gama zagayen farko ya wuce Schumacher, Karl Wendlinger, Damon Hill da Prost, ya zama na ɗaya. Ya ci tseren da tazarar daƙiƙa 83. Sai dai ka ƙara da wannan: motarsa ta McLaren tana da na'urar kwamfuta mai hana taya juyawa a banza, kuma shi da kansa ya fi ɗaukaka nasarar Estoril, inda ƙafarsa ce kaɗai ke yin wannan aikin. Sannan ruwan ranar yana zuwa yana ɗaukewa. Prost ya shiga gareji sau bakwai, Senna ya sauya taya sau huɗu. Wani ɓangare na tazarar a gareji aka samo shi, ba a kwana ba. A zagayen farkon nan da ake ta yabo, wani yaro ɗan Birazil, Rubens Barrichello, ya taso daga na 12 zuwa na huɗu a motar Jordan. Wa ke tuna shi?

Kuma ruwan da ya ɗaga Senna ya taɓa kayar da shi. A Adelaide ta Ostareliya a 1989, Prost ya yi zagaye ɗaya ya ajiye mota, ya ce wannan ba yanayin tsere ba ne. Senna ya ci gaba, yana gaba da nisa, sai ya afka wa bayan motar Martin Brundle da bai gani ba cikin hazon ruwa. Gwaninta ba ta sa mutum ya ga abin da ba a gani.

Idan kana son hujjar da ta fi wannan, duba Schumacher a 1996, mutumin da Jamusawa suka yi wa laƙabi da sarkin ruwa. Ranar 19 ga Mayu a Monako, ya tashi a na ɗaya a kan jiƙaƙƙiyar hanya, bai gama zagayen farko ba ya daki shinge. Motoci uku ne kawai suka kai ƙarshe a ranar, kuma Olivier Panis, wanda ya tashi a na 14, ya samu nasara guda ɗaya tak ta rayuwarsa. Mako biyu bayan haka, a Basalona, wannan Schumacher ɗin dai, da wannan Ferrari ɗin da kowa ya san ba ta kai Williams ba, ya yi wa jama'a fintinkau da daƙiƙa 45 cikin ruwa mai ƙarfi. Mutum ɗaya, mota ɗaya, ruwa biyu, sakamako biyu. Ba kullum ake kwana a gado ba.

'Rush': jarumtar mai ajiye mota

Yanzu mu koma baya da shekara takwas kafin Monako, zuwa 1976, shekarar da 'Rush' ya ginu a kanta. Shi wannan fim bai ɓoye cewa shiri ne ba, kuma yana da nasa ƙarin gishirin. Ya nuna Hunt ɗan Ingila da Lauda ɗan Ostiriya kamar ba sa ga maciji, alhali a zahiri abokai ne tun suna ƙananan gasa. Amma a kan batun ruwa, ya fi 'Senna' adalci.

Ruwa sau biyu ya shigo labarin. Na farko a Nürburgring ta Jamus, 1 ga Agusta. Hanya ce mai tsawon fiye da kilomita 22 a cikin daji, inda wani sashe zai iya jiƙewa wani kuma yana bushe. Lauda ya nemi direbobi su ƙaurace wa tseren saboda haɗarin wurin, aka rinjaye shi. An tashi kusan kowa da tayar ruwa, hanya ta fara bushewa, aka ruga gareji aka sauya. A zagaye na biyu Ferrari ɗin Lauda ta ƙwace, ta daki gefe, ta kama da wuta. Direbobi huɗu, Arturo Merzario, Brett Lunger, Guy Edwards da Harald Ertl, su suka tsaya suka fid da shi. Ya ƙone a fuska, hayaƙi ya lalata masa huhu, har an fid da rai. Bayan mako shida ya dawo a Monza ya zo na huɗu.

Na biyu a Fuji ta Japan, 24 ga Oktoba, tseren ƙarshe na shekara. Lauda yana gaban Hunt da maki uku. Ruwa ya yi ta sauka, hanya ta zama kududdufi, amma an riga an sayar wa gidajen talabijin na duniya tseren, sai aka ce a tashi. Lauda ya yi zagaye biyu, ya shigo gareji ya kashe mota. Mutum ne da fatar idonsa ta ƙone, ƙifta ido ma wahala yake ba shi, ga shi ba a ganin hanya. Mutanensa sun so a ce mota ce ta samu matsala, ya ce a'a, a faɗi gaskiya. Hunt ya ƙare a na uku, ya zama zakaran duniya da maki ɗaya, 69 da 68.

A nan ne Howard da Morgan suka burge ni. Da wani daraktan ne, da ya mai da Lauda matsoraci, Hunt kuma jarumin da ruwa ya tabbatar. Su ba su yi haka ba. Sun bar ka da tambayar da babu mai amsa maka: wa ya fi, wanda ya sa ransa a caca ya ci, ko wanda ya auna ya ga cinikin bai yi ba? Brühl ya taka rawar nan da sanyin fuska, babu kuka, babu dogon jawabi. Inda na ga sun ɗan kwafsa shi ne inda suka dinga sako hoton matarsa Marlene a daidai lokacin da zai yanke shawara, kamar soyayya ce ta ajiye motar. Lauda mutum ne mai lissafi. Fim ɗin da kansa ya ɓata awa ɗaya da rabi yana nuna mana haka. Me ya sa a ƙarshe ba za a amince da lissafin nasa ba, sai an kawo mace ta yi bayani?

Akwai kuma abin da aka taƙaita. Ba Lauda kaɗai ya ajiye mota a ranar ba. Emerson Fittipaldi, wanda ya ci kambun duniya sau biyu, da Carlos Pace da Larry Perkins duk sun janye. Sannan ba Hunt ne ya ci tseren ba, Mario Andretti ne a motar Lotus. Da ruwan ya ɗauke hanya ta fara bushewa, tayar ruwa ta fara zafi tana narkewa. Andretti ya dinga bi ta inda ruwa ya rage don ya sanyaya tasa. Tayoyin Hunt kuwa suka cinye, dole ya shiga gareji ana saura 'yan zagaye, ya fito a na biyar, da ƙyar ya ƙwato na uku. Ya sauko daga mota yana faɗa, a zatonsa kambun ya kuɓuce. Ka ga ashe gwanin ranar, idan ana maganar karanta hanya, shi ne mutumin da ba da shi ake labarin ba.

Shi kuwa Lauda da jaridun Italiya suka yi wa ca, ya sake cin kambu a 1977, ya ƙara a 1984 da wancan rabin makin da muka ambata. A ranar Monako ɗin nan, Lauda yana cikin mota, Hunt kuma yana ɗakin sharhi na BBC yana yaba yaron Toleman. Ka ga inda finafinan biyu suka haɗu, ko da yake masu su ba su shirya haka ba.

Abin da shekarun baya suka ƙara nunawa

Shekarar 2008 kaɗai ta isa darasi, ga shi a shekarar aka hana na'urar nan mai taimakon taya. A Silverstone, Lewis Hamilton ya ci da tazarar daƙiƙa 68, yayin da Felipe Massa ya juya sau biyar. Wannan gwaninta ce tsantsa. Amma na uku a ranar shi ne Barrichello a motar Honda marar ƙarfi, saboda garejinsa ya sa masa tayar ruwa mai zurfi a daidai lokacin da ya dace. Kimi Räikkönen kuwa Ferrari suka bar shi da tsofaffin tayoyi suna zaton ruwan zai ɗauke, bai ɗauke ba. A Monza, Sebastian Vettel mai shekara 21 ya ci da ƙaramar Toro Rosso, aka ce abin al'ajabi. Gaskiya ne, amma abokin tuƙinsa Sébastien Bourdais ya samu gurbi na huɗu a gwajin tashi da irin wannan motar. Ashe motar ma tana son ruwa. A Birazil kuma, yayyafin mintunan ƙarshe ne ya sa Hamilton ya wuce Timo Glock mai tayar bushe a kwanar ƙarshe, ya ƙwace kambu daga hannun Massa da maki ɗaya.

Ko a kwanan baya haka abin yake. A Birazil a 2024, Max Verstappen ya taso daga na 17 ya ci, aikin gwani ba shakka. Amma jar tuta ta ba shi damar sauya taya kyauta, kuma ita ce ta taimaki direbobin Alpine biyu suka zo na biyu da na uku. A Silverstone a 2025, Nico Hülkenberg ya taso daga na 19 ya hau dandamalin nasara a karon farko, a tserensa na 239, saboda an sauya masa taya a kan lokaci kuma bai yi kuskure ba.

Kada kuma mu manta da kuɗin da ake biya. Ranar 5 ga Oktoba, 2014, a Suzuka ta Japan, motar Jules Bianchi ta ƙwace cikin ruwa ta afka wa motar ɗaga kaya da ke janye wata motar. Ya rasu a watan Yuli na 2015 yana da shekara 25. Tun daga nan hukumomin gasar suka ƙara taka-tsantsan, har a 2021 a Spa ta Beljiyam aka yi 'yan zagaye a bayan motar tsaro aka tashi, aka raba rabin maki, 'yan kallo suna ta ƙorafi. Shawarar da Lauda ya yanke shi kaɗai a 1976 aka zage shi, ita hukuma take yankewa a madadin kowa a yanzu.

Fim na baya-bayan nan, 'F1' (2025) na Joseph Kosinski, wanda Brad Pitt ya fito tare da Damson Idris, ɗan Ingila mai asali da Nijeriya, shi ma bai bar ruwa ya huta ba. A fitowar Monza, an bar yaron da tayar bushe cikin ruwa don a ci riba, ya ƙi jin shawarar ya jira miƙaƙƙiyar hanya kafin ya wuce na gabansa, mota ta tashi sama da shi. Labarin fim ɗin ba shi da nauyi, amma wannan fitowar ta kama gaskiya ɗaya: a cikin ruwa, caca da haƙuri ne ke raba gardama, ba zafin zuciya ba.

To ina muka kwana?

Ruwa yana rage fifikon inji, yana kuma tsananta hukuncin kuskure. Shi ya sa idan ka tara tseren ruwa na shekaru masu yawa, sunayen da za su yi ta dawowa su ne Senna, Schumacher, Hamilton, Verstappen. Wannan ba sa'a ba ce. Amma idan ka ɗauki rana guda, to zane da robar taya, shawarar gareji, jar tuta, da wanda ya samu kansa a gaba inda babu hazo, duk suna da kaso a cikin kofin. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ruwa yana ba gwani dama, yana ba mai sa'a dama, kuma a rana guda da wuya ka bambance su.

'Senna' ya fi 'Rush' kyau a matsayin fim, ya fi taɓa zuciya, kuma idan aka zo ranar 1 ga Mayu, 1994 a Imola, inda ya rasu rana tana haske ƙasa a bushe, da wuya idonka bai kawo ruwa ba. Amma ya yi amfani da amincewar da muke ba hoton gaske ya sayar mana da jarumi ɗaya da mugu ɗaya. 'Rush' ya ƙirƙiri rigima da zantuka, amma ya bar wa ruwan sama gaskiyarsa.

Wannan ya shafi marubutanmu da daraktocinmu masu sha'awar yin fim ko littafi a kan tarihin wani gwarzo. Ba sai ka yi ƙarya za ka karkatar da tarihi ba. Ya isa ka cire mutum na uku daga hoto. Idan ka tashi yabon gwaninka, tambayi kanka: wane ne Bellof ɗin labarin nan, kuma me ya sa nake so in bar shi a waje?

Kai kuma mai karatu, nemi finafinan biyu ka kalla a jere, 'Rush' tukuna sannan 'Senna', domin haka shekarun suka zo. Idan ka iso Monako, ka tuna akwai mota ta uku a cikin hazon nan.